Sawun da Bai Koma Teku Ba

Bayan sallar La'asar Mujahida ta sauko da mahaifiyarta daga benen da suke haya a unguwar Utaibiyya ta Makka, ta zaunar da ita a tsohuwar motar ƙaninta. Ba da son ranta za ta tafi da ita wurin aiki ba. Haifa, maƙwabciyar da ke zama da tsohuwar, ta tafi Jidda wajen 'yarta mai naƙuda, ƙanin nata Hudaifa kuwa yana tura keken marasa ƙarfi a Harami. Barin Inna ita kaɗai kuma ba abin yi ba ne. Tun da aka rushe gidansu na unguwar Nakkasa hankalinta ya soma gushewa, duk sa'ad da ta sami ƙofa a buɗe sai ta kama hanyar tsohuwar unguwa. A ɓatanta na ƙarshe a kan tarin ɓaraguzai aka tsince ta, da makulli a hannu, tana laluben inda za ta zura shi.

"Gida za mu?" in ji Inna.

"Ana gyara ne, Inna. Sai sun gama."

"Ke 'yar nan, gyaran nan ya daɗe."

Ke. 'Yar nan. Iyakar abin da Mujahida ta taɓa samu daga bakin uwarta ke nan, domin ita ce 'yar fari. A Makka aka haifi Inna, ba ta taɓa taka ƙasar Kano ba, amma kunyar ɗan fari da ta gada daga tata uwar tana nan daram. Ranar da aka kira Mujahida da lasifika a bikin kammala jami'a, Inna sunkuyar da kai ta yi kamar an ambaci wata baƙuwa. A hanyar komawa gida Mujahida ta kasa haƙuri, ta ce, "Sunana ba zagi ba ne, Inna." Inna ta gyara mayafi ta ce, "Su da suka ga za su iya, ai sun faɗa. Ni ina da kunya."

Suka bar duwatsun Makka a baya, suka miƙi hanyar yamma, rana na dukan gilashin mota, har iska ta soma ɗauko ƙamshin gishiri.

Gaɓar da Mujahida ke aiki killatacciya ce, a bakin Bahar Maliya. A lokacin zafi kunkurun teku mata, waɗanda Inna ke kira kififiya, sukan fito daga ruwa su haƙa rami su zuba ƙwai a rairayin da aka ƙyanƙyashe su tun shekaru masu nisa. Ilimin halittun teku Mujahida ta karanta, ita ta fi kowa a ajinsu. Amma takardar da ke jakarta ta ce ita baƙuwa ce a garin da aka binne cibiyarta, don haka aikin jagoran masu kallo aka ba ta, na kaka ɗaya, a ƙarƙashin wani Nawaf wanda kawunsa ke da kamfanin.

Ta ajiye motar bayan tantin baƙi. Suka yi Magariba a gefenta, ita da Inna, a kan darduma ɗaya. Ta mayar da tsohuwar ciki, ta sauke gilashi kaɗan, ta ba ta ruwa da dabino.

"Yanzu zan dawo. Kada ki fita."

"Ina zan je? Ni da ba ni da inda na sani."

Baƙi sun taru a bakin tanti. Mujahida ta yi musu bayanin da ta saba. Ba a kunna farar fitila, sai ja, domin 'ya'yan kififiya idan sun fito daga rami duk inda haske ya fi ƙarfi nan suke bi, ko da wuta ce. Ba a ɗaga murya. Sannan ta nuna musu sawu a kan rairayi, mai faɗi kamar na tayar babbar mota.

"Sawu biyu ake nema," ta ce. "Na fitowa da na komawa. Idan kun ga ɗaya tilo, to abin da ya fito yana nan a kan tudu tare da ku."

Wata mata ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Mujahida ta tuna ta bar jar tocilarta a mota, ta koma ɗauka.

Ƙofar a buɗe take. Ga dabinon a kan kujera. A ƙasa kuma ga takalman Inna, an jera su kusa da juna, kamar yadda takan ajiye su a bakin ɗaki.

Sawun ƙafa ba takalmi ya nufi kudu, inda babu tanti, babu fitila, babu kowa.

Ta sami Nawaf yana gyara wa wani baƙo kyamara. Da Larabci ta yi masa magana.

"Ustaz, mahaifiyata ta fita daga mota. Ba ta da lafiya. Ka ba ni motar rairayi da babbar fitila."

"Mahaifiyarki? Wa ya ce ki kawo ta?"

"Gobe ka tambaye ni wannan. Ruwa yana hawowa."

"Babbar fitila a wurin da aka killace? Ke da bakinki kika gama faɗin doka."

"Shekaranjiya ka haska ta a kan uwa tana tsakiyar zuba ƙwai, don baƙinka su ɗauki hoto. Ta koma teku da sauran a cikinta. Ran nan dokar tana ina?"

Ya dubi baƙin, ya rage murya. "Halas, shi ke nan. Idan kika bar mutanen nan tsaye, kada ki dawo."

Ta cire katin aikin daga wuyanta, ta saƙala masa a kan kyamarar, ta juya.

Jan da ya rage a sama yana mutuwa. Ta bi sawun da jar tocila, tana sauri tana sunkuyo. Ta san tafiyar Inna: ƙafar hagu tana jan ƙasa kaɗan. Hayaniyar tanti ta yi nisa, ta ɓace. Sai numfashin teku, da ƙaguwa masu gudu a gabanta, da warin ciyawar ruwa da rana ta dafa.

"Inna," ta kira, ba da ƙarfi ba. Ko a wannan hali bakinta ya saba da dokar gaɓa.

Can gaba wani sawu ya fito daga ruwa. Mai faɗi ne, da shatar jan ciki a tsakiya. Ta kusa wuce shi, sai idonta na aiki ya tsayar da ita. Ta durƙusa.

Kififiya da fiffike take tuƙa rairayi, shatarsa kamar ta cebur. Wannan kuwa a kowane gefe tafin hannu ne. Da yatsu. Dogaye, sun nutse cikin ƙasa, ruwa na taruwa a gurbinsu.

Ta haska dama, ta haska hagu, tana neman na komawa.

Babu.

Sawun bai hau tudu ba. Ya karkata kudu, ya jeru da na Inna, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu hira a hanya.

Mujahida ta sheƙa da gudu. Rairayi na riƙe ƙafarta, numfashinta na yankewa, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ba ta tsaya ba sai da rairayin ya ƙare, ƙasa ta zama fa na murjani mai kaifi, wanda ba ya riƙe sawun kowa. A dama teku. A hagu tuddan yashi, baƙi ƙirin.

Iska ta ɗauke. Igiyar ruwa ta yi shiru, kamar an rufe mata baki.

Sai ƙamshi ya zo. Ba na teku ba. Turaren wuta, da daddawa a cikin miya, da damshin siminti da aka yayyafa wa ruwa da yamma. Ƙamshin tsakar gidansu na Nakkasa.

Ta ɗaga kai.

A cikin ruwa, nesa kaɗan da gaɓa, ga ƙofarsu a tsaye. Koriyar ƙofar ƙarfe, da lotsawar da keken Hudaifa ya yi mata, da farin ƙwan lantarki a samanta. Babu bango. Ƙofar kaɗai, a buɗe kaɗan, haske na zubowa a kan ruwa.

"Mujahida."

Muryar Inna ce. Da 'yar dishewarta, da yadda takan ja ƙarshen magana.

Wani abu ya narke a ƙirjin Mujahida. Tun tana ƙarama take kwanciya tana ƙaga yadda sunan zai fito daga wannan bakin. Ashe haka yake. Ashe da taushi.

"Na'am, Inna," ta ce. "Ga ni nan."

Ta shiga ruwan. Da ɗumi, kamar na wanka. Ya kai idon sawu. Ya kai gwiwa.

Wasu ƙananan abubuwa suka riƙa gogar ƙafarta. Ta haska. 'Ya'yan kififiya ne, sababbin fitowa, suna iyo da dukan ƙarfinsu. Da suka doshi hasken ƙofar sai suka rabu biyu, suka kauce masa, suka bi duhu. Ba ta taɓa ganin ɗan kififiya ya ƙi haske ba. Ta gani, ta fahimta, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Mujahida. Zo, an gama gyaran."

Ruwa ya kai ƙugu. Ta san inda take. Gaba kaɗan fa ɗin yake yankewa, daga nan sai zurfin da ba a taɓa ƙasansa.

"Mujahida, 'yata."

A nan ta tsaya.

Ta tuna asibiti, watannin baya. Likita ya nuna ta ya tambayi Inna, mene ne sunan wannan? Inna ta juya fuska ga bango. Likita ya girgiza kai ya ce ciwon ya yi nisa, har sunan 'yarta ya tafi. Da suka fito Inna ta matse mata hannu ta ce, "Wannan yaro ba shi da tarbiyya. So yake in faɗa a gaban mutane."

Ciwon ya cinye ranaku, ya cinye hanyoyi, ya cinye fuskokin maƙwabta. Bai taɓa kunyar ba.

"Ba ke ba ce," Mujahida ta raɗa. "Inna ba ta kiran sunana. 'Yar nan take cewa."

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi.



Ƙwan lantarkin ya lumshe, ya dawo.

"Ke 'yar nan," in ji muryar, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. "Ke 'yar nan. Zo."

Wani abu ya kama idon sawunta a ƙarƙashin ruwa. Sanyi ƙalau. Ta ji yatsun ɗaya bayan ɗaya suna rufewa.

Ta ƙwala ihu. Tocilar ta faɗi, jan haskenta ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, bai daina nutsewa ba.

"Ke. Wace irin yarinya ce ke? Magariba ta yi kina wasa da ruwa?"

Daga baya wannan ta fito, daga tudu, cike da faɗa. Mujahida ta waiga. Ga Inna tana saukowa daga tuddan yashi, zane ya yi buɗu-buɗu da rairayi, ƙafar hagu na jan ƙasa.

"Ina zaune wajen wata baiwar Allah tana haihuwa, hawaye na zuba a idonta, babu mai riƙe ta, ke kina nan kina ihu. Wace ce kuma wannan mai kwaikwayon bakina?"

"Inna, tsaya nan. Kada ki shigo."

Amma Inna ta riga ta ga ƙofar. Fuskarta ta saki. Ta sa hannu a ƙirji, ta zaro makullin da ke rataye a wuyanta.

"Ashe nan suka kawo mana ita," ta ce.

Ta shigo ruwan.

Yatsun suka saki ƙafar Mujahida. Ta ji abin ya wuce ta gefenta, dogo, mai nauyi, ruwa na tudu a bayansa. Ba ita yake so ba. Tun farko ba ita yake rakiya ba.

Ta yi kukan kura ta riga shi. Ta rungume Inna, suka yi tangaɗi tare. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga bokiti ta zama kamar ƙarfe, tana tura ta, idonta a kan hasken.

"Sake ni. Na bar tukunya a wuta."

"Inna, ba gidanmu ba ne."

"Ga ƙofata ina gani. Ke kika ce ana gyara."

Ƙofar ta ƙara buɗewa. Ƙarar maratayinta, wadda Mujahida ta sani tun tana rarrafe, ta ratsa ruwan. Wani abu ya ja zanen Inna daga ƙasa.

Mujahida ta kama fuskar uwarta da hannu biyu, ta juyo da ita da ƙarfi.

"Babu gyara, Inna. Sun rushe shi. Ina tsaye motar ta ture bangon ɗakinki. Ƙofar nan na ga an jefa ta a motar 'yan gwangwan, an lanƙwasa ta biyu. Ba mu da gida a Nakkasa. Babu abin da ya rage."

Inna ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sai ƙarfin ya zube daga jikinta gaba ɗaya, makullin ya suɓuce, ruwa ya haɗiye shi.

Hasken ya mutu.

A cikin duhun wani abu ya yi numfashi, dab da su, mai warin rami.

Mujahida ta warware mayafinta, ta juya, ta ɗora Inna a baya, ta ɗaure ta tamau kamar goyo. "A'uzu bi kalimatillahit tammat," take faɗi, Inna na amsawa a kunnenta da muryar da ta karye, "min sharri ma halaƙ." Ta taka. Murjani ya yanka tafin ƙafarta. Ta taka. Yatsu suka shafi diddigenta, suka zame. Ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi.

Ƙugu. Gwiwa. Idon sawu.

Rairayi.

Ba ta waiga ba. A gefen tudu suka wuce baiwar Allahn da Inna ta zauna wajenta, wata babbar kififiya tana tura ƙasa a kan raminta, tana nishi kamar mutum. Daga nesa, ta wajen tanti, aka soma kiran Isha'i a wayar wani, igiyar ruwa kuma ta dawo da motsinta kamar ba abin da ya faru.

"Ke 'yar nan," aka ce daga cikin teku, sau ɗaya, ba da gaggawa ba.

Inna ta ƙanƙame wuyanta. "Ba ni ba ce," ta raɗa.

"Na sani, Inna."

Mujahida ba ta koma gaɓar ba, ba a kuma neme ta ba. Ta ji an ce kafin kakar ta ƙare an daina kai baƙi ɓangaren kudu, ba a faɗi dalili ba. Raunin ƙafarta ya warke. Shatar yatsun da ke idon sawunta ba ta goge ba.

Inna ta daina tambayar gida. Ko an bar ƙofa a buɗe ba ta fita. Takan zauna ta yi kuka marar sauti, Mujahida ta zauna kusa da ita, tana sane da cewa ita ta karɓe mata abin da take jira.

Utaibiyya tana da nisa da teku. Duk da haka wata safiya Haifa ta ƙwanƙwasa, tana mita a kan wanda ke zubar da ruwa a matakala. Mujahida ta leƙa. Matakalar a jiƙe take tun daga ƙasa har bakin ƙofarsu, gishiri ya bushe fari a gefe-gefe. Ta duba da kyau, kamar yadda ta koya wa baƙi. Sawun na hawowa ne kaɗai.

Tun daga ranar, idan Magariba ta kawo jiki, akan kira daga bayan ƙofa. Wani lokaci daga ɗakin girki. Ba a ƙara kiran sunanta ba. Abin ya koyi darasinsa, ita ce kuma ta koya masa.

Wata yamma hankalin Inna ya dawo sarai, kamar yadda yakan yi jefi-jefi. Ta saurari kiran har ya ƙare, sannan ta jawo 'yarta kusa.

"Ta ƙwace mini bakina," ta ce. "To ta riƙe. Daga yau ba zan kira ki da komai ba. In ina son ki, taɓa ki zan yi. Ki ji da kyau." Ta ɗora tafinta a kumatun Mujahida, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana goyo. "Nawa busasshe ne."

Haka suke zaune har yau. Idan rana ta faɗi Mujahida takan kashe farar fitila, ta kunna ja, ta zauna da bayanta a jikin bango. Ba ta amsa kowace murya. Idan hannu ya sauka a kafaɗarta, takan rufe ido tukuna, ta jira ta ji ko rigarta za ta jiƙe.